Ku Tambayi Likita: Wane Ciwon Ido Ne Ba Ya Jiran Gobe?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon tambayoyin da suka taru min kusan duk akan ido ne, musamman irin matsalolin da ke kai mutum asibiti a guje, to sai naga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Wasu na taƙaita su saboda wuri, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗalibar aikin jinya ce, an tura mu sashen emajensi yin firaktikal, kuma na lura kusan kullum sai an kawo mai matsalar ido. Dan Allah wane iri ne yafi yawa, kuma me ke jawo shi?

Amsa: Barka dai 'yar uwa, Allah ya bada sa'ar karatu. Abin da kika lura dashi haka yake a ko'ina ba asibitinku kaɗai ba. In kika tsaya kika ƙirga masu zuwa da ido zaki ga rukuni biyu ne suka cika wajen. Na farko masu rauni, wato wani abu ya faɗa idon ko ya karce shi, ko an buge shi, ko sinadari ya fallatsa a ciki. Na biyu masu jan ido da kwantsa da ƙaiƙayi, su afolo da ƙurjin fatar ido da bushewar ido, kuma gaskiya yawancin waɗannan ba gaggawa bane, ko washegari suka ga likita ba abin da zai lalace. Sai wani rukuni na uku da basu da yawa amma su ne suka fi tayar min da hankali, waɗanda ganinsu ya ɗauke ko ya ragu farat ɗaya. Sau da yawa idon nasu fes yake, ba ja ba kumburi, shi yasa suke zama a gida suna jira ya dawo da kansa, in sun zo ma a bar su a ƙarshen layi saboda basa ihu.

A wajen rauni maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, kuma matasa ne masu aikin hannu, masu walda da magina da kafintoci da kanikawa da manoma. Yara nasu a wajen wasa ne, sanda, danƙo, almakashi, biro, ƙwallo, wasan wuta. Tsofaffi kuma faɗuwa ce, mutum ya zame ya daki kusurwar tebur da ido. Akwai na haɗarin mota, akwai na faɗa, sannan akwai wanda nake so ki riƙe tun yanzu, in kika ga mace da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce ta buge ta amma labarin bai zauna ba, ki ja ta gefe ki tambaye ta cikin lallashi ba a gaban wanda ya rako ta ba, domin dukan gida na cikin abubuwan da ke kawo mana irin wannan.

Wani lissafi da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 1998 ya nuna duk shekara ana samun raunin ido kusan miliyan 55 da ke hana mutum harkarsa fiye da kwana ɗaya, kusan 750,000 daga ciki sai an kwantar da su, kusan 200,000 kuma ƙwayar idon ce ta fashe ko ta huje. Lissafin ya ce mutum kusan miliyan 1.6 ne rauni ya makantar da su gaba ɗaya, wasu kusan miliyan 19 kuma ido ɗaya suka rasa ko ganinsa ya ragu. Tsohon lissafi ne amma har yau ana dogaro dashi wajen nuna girman abin. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka kuma tana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na raunin ido za a iya kauce masa da tabarau na kariya.

Ke dai a matsayinki na nas, duk wanda yazo da ido ki fara gwada ganinsa, kowane ido daban a rufe ɗayan, ki rubuta. Mutum ɗaya ne ba a tsayawa gwada shi, wanda sinadari ya shiga idonsa, shi wanki ake fara masa tun kafin a buɗe masa kati.

Tambaya: Likita ni mai walda ne na daɗe a sana'ar. Wani lokaci cikin dare sai ido ya kama ni da zafi kamar an watsa min yashi, hawaye na zuba ban iya buɗewa, zuwa jibi sai ya lafa. Wani abokin aikina ya bani maganin ɗigawa da yake kashe zafin nan take. In ci gaba da sawa?

Amsa: Ɗan uwa dan Allah ka ajiye wannan maganin yau ɗin nan. Abin da ke samunka ƙuna ce, hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido baya gani, shi ne ke ƙona saman koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe gaban baƙin ido. Baka jin komai lokacin aikin, sai bayan awa 6 zuwa 12 zafin ke tashi, shi yasa kullum cikin dare yake kama ka, kuma yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Maganin da aka baka daga yadda ka kwatanta na kashe zafi ne, irin wanda muke ɗigawa sau ɗaya a asibiti don mu samu mu duba ido. In mutum ya maida shi na kullum yana hana saman koniyar haɗewa, kuma tunda idon ya daina ji zaka iya murza shi ko wani abu ya faɗa baka sani ba, daga nan sai gyambo, gyambon nan kuma in ya warke ma hakiya yake bari. Abin da zaka yi in ya kama ka shi ne ka zauna a duhu, ka ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, ka sha maganin zafi, kaje a duba a baka man shafawa na ido. Maganin gaskiya dai shi ne garkuwar fuska mai baƙin gilashin walda na ainihi, baƙin tabarau na ado baya tare wannan hasken yadda ya kamata, kuma yaran shagonka da ke riƙe maka ƙarfe suna kau da kai su ma yana cin su ta gefe.

Tunda ka taɓo sana'arka bari in ƙara maka wanda yafi wannan haɗari. Lokacin da kake gurza ƙarfe da injin, ɓurɓushi na tashi ya manne a koniya. Wannan muna gani sosai. Mukan ɗiga wani ruwa ruwan ɗorawa a idon mu haska da shuɗiyar fitila, sai inda ya karce ya fito kore shar, sannan mutum ya ɗora haɓarsa a na'ura mu ga ɗan baƙin ɗigon a zaune, mu ɗage shi da bakin siririyar allura bayan an kashe zafi. In ya kwana sai ka tarar tsatsa ta yi zobe a kewayensa, ita ma sai an kankare. Kar ka bari wani ya cire maka da ashana ko tsinke ko bakin hankici.

Mafi muni shi ne dukan ƙarfe da guduma. Ɗan tsinin ƙarfe kan ɓalle da gudun gaske ya huda ido ya shige ciki, ƙofar da ya shiga ƙarama ce har takan rufe kanta, mutum yaji ɗan tsiit kawai ya ci gaba da aiki. Bayan kwanaki ƙwayoyin cuta su cika idon da mugunya, ko kuma ƙarfen ya zauna yana tsatsa a ciki yana cinye gani a hankali wata da watanni. Duk wanda yana dukan ƙarfe da ƙarfe yaji abu ya taɓa masa ido, ko baya jin zafi yaje a duba kuma ya faɗi abin da yake yi lokacin, don ayi masa hoton CT. Ba a sa irin wannan mutum a na'urar MRI domin maganaɗisu ce, zata iya motsa ƙarfen a cikin ido.

Tambaya: Salam Likita, ƙanena lebura ne a wajen gini, siminti ya fallatsa masa a ido, ya goge da riga ya ƙarasa aikinsa sai washegari muka kai shi asibiti. Yanzu baƙin idon ya yi fari-fari kuma wai likita yace mun makara. Me ya kamata mu yi tun farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya bashi lafiya, kuma kar ku daina zuwa asibitin domin ko a yanzu akwai abin da ake ceto. Wannan tambaya taka ita ce nafi so kowa ya karanta. Ruwa ya kamata a zuba nan take, a wajen ginin, tun kafin a nemi abin hawa. Duk ruwan da za a iya sha za a iya wanke ido dashi, ba sai an nemo na asibiti ba. A kwantar da mutum ko ya sunkuya, a karkata kansa ta ɓangaren idon da abin ya shafa don kar ruwan ya gangara cikin mai lafiyar, wani ya sa yatsu biyu ya buɗe fatar idon da ƙarfi domin shi da kansa bazai iya ba zafi zai sa ya runtse, wani kuma yana tsiyaya ruwa daga gefen hanci ba tsayawa, ana ce masa kalli sama kalli ƙasa kalli dama kalli hagu. Ayi haka aƙalla minti 20 zuwa 30 da agogo, ba 'yar watsawa sau biyu ba, in akwai kwantak a idon, wato ɗan siririn tabaraun nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido, a cire. Bayan nan sai asibiti, a tafi da kwalbar sinadarin ko buhunsa in akwai.

Dalilin wannan gaggawa shi ne sinadarai iri biyu ne. Akwai asid irin ruwan batir, yana ƙona saman ido amma naman da ya ƙone kan daskare ya ɗan tare masa hanya. Akwai kuma su siminti da farar ƙasa da soda da bilic da sinadarin buɗe bututun ruwa, waɗannan narkar da nama suke suna nutsawa ciki, wasunsu cikin 'yan mintuna sun kai cikin ido. Siminti kuma yana da wata mugunta, ƙwayoyinsa kan maƙale a ƙarƙashin fatar ido ta sama suna ci gaba da ƙuna duk daren, shi yasa a asibiti muke juya fatar mu share lungun, muna wankewa muna gwadawa da 'yar takardar awo har sai ta nuna idon ya dawo daidai, wato lambar awon ta tsaya wajen 7. Kuma abin da mutane basu sani ba, idon da ya yi jawur bayan sinadari yafi wanda ya yi fari fat alamar samun sauƙi, farin yana nufin jijiyoyin jinin wajen sun mutu. Kar a ce za a kashe asid da soda ko soda da wani abu mai tsami, ƙara ƙuna ne kawai.

Sai sufa gulu, tunda ana yawan ɗaukarsa a zaci maganin ido ne saboda kwalaben sun yi kama. In ya manne fatar kar a ja da ƙarfi, a jiƙa da ruwan ɗumi a kai asibiti, yawanci gashin ido yake kamawa kuma ana rabuwa lafiya.

Tambaya: Likita yarona ɗan shekara 9 ƙwallo ta same shi a ido a makaranta. Da na duba sai naga jini ya kwanta a ƙasan baƙin idon daga ciki. Yace yana gani sama-sama. Babansa yace a bari ya washe da kansa.

Amsa: Maman yaro ki kai shi yau, ki nuna wa babansa wannan amsar. Jini ne ya taru tsakanin koniya da baƙin ido saboda bugun ya yaga ƙananan jijiyoyi. Gaskiya ne sau da yawa yana washewa, amma abu biyu muke tsoro. Jinin kan toshe magudanar ruwan ido sai matsin ido ya hau ya lalata jijiyar gani, sannan jijiyar da ta yage kan sake ɓallewa, yawanci tsakanin kwana 2 zuwa 5 bayan bugun, kuma zubar ta biyu tafi ta farko muni. Kafin ku isa ya zauna a natse ba guje-guje, in zai kwanta a ɗaga kansa da filo, kar a bashi asfirin ko ibuprofen domin suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa. In yana da sikila ko ma yana ɗauke da ita kawai wato AS, ki faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, domin irin wannan jinin yafi saurin toshe magudanar kuma akwai maganin rage matsin ido da ba a son basu. Ko ya warke a riƙa auna masa matsin ido lokaci-lokaci, idon da aka taɓa bugu kan iya kamuwa da gilakoma, wato ciwon da matsin ido ke lalata jijiyar gani, bayan shekaru.

Ga sauran iyaye kuma, in abu mai tsini ne ya soki idon, ko kuka ga ɗan tsakiyar baƙin idon ya karkace ya daina zama zagaye, ko wani abu baƙi-baƙi ya leƙo waje, to ƙwayar ta huje. Kar a wanke, kar a danna, kar a sa man shafawa, kar a zare abin da ya soke shi. A yanke gindin kofin roba ko na takarda a kifa a kan idon yadda zai zauna a kan ƙashi bai taɓa ƙwayar ba, a manne da filasta. Kar a bashi abinci ko ruwa domin mai yiwuwa a shiga tiyata da shi, kuma a tuna da allurar tetanus.

Tambaya: Na tashi da safe naga rabin farin idona ya yi jawur da jini, ba zafi kuma ina gani lafiya, amma duk wanda ya ganni sai ya tsorata.

Amsa: Kwantar da hankalinka Malam. 'Yar jijiya ce ta fashe a ƙarƙashin tantanin farin ido, tari ko atishawa ko yunƙuri ko murza ido kan jawo shi, kuma cikin sati ɗaya zuwa biyu zai washe ba tare da magani ba. Ka dai auna hawan jini. In yana yawan dawowa, ko kana shan maganin tsinka jini, ko bugu ne ya jawo shi, to nan kam a duba.

Tambaya: Likita mahaifiyarmu mai shekara 64 ta kwana da matsanancin ciwon kai ɓari ɗaya da amai, ido ɗaya ya yi ja, tace tana ganin zobe mai launi-launi a kewayen fitila. An yi mata ƙarin ruwa an bata maganin amai amma idon yanzu dishi-dishi take gani dashi.

Amsa: Ɗan uwa ku kai Mama wajen likitan ido yanzun nan ba gobe ba, ku ce a auna matsin idonta. Duk alamomin da ka lissafa na gilakoma mai tashi farat ɗaya ne. A cikin ido akwai ruwa da ake samarwa kullum yana fita ta wata 'yar kusurwa, in baƙin ido ya turo gaba ya rufe kusurwar sai ruwan ya rasa hanya. Matsin ido na lafiya tsakanin 10 ne zuwa 21, a irin wannan hali yakan haura 50, in ka taɓa idon a hankali ta saman fata zaka ji shi tauri sosai in ka gwada da ɗayan. Abin takaici shi ne amai da ciwon kai su ke ɗauke hankalin kowa, a yi ta maganin ciki ko zazzaɓi alhali jijiyar gani na mutuwa, kuma abin da ya mutu a cikinta baya dawowa. Yafi kama mata da waɗanda suka manyanta da masu matsalar ganin kusa, kuma yakan tashi da yamma ko a wuri mai duhu, wasu magungunan mura da na rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ma kan tayar dashi ga mai irin wannan ido. Za a sauke matsin da magungunan ɗigawa da na sha ko allura, sannan a huda 'yar ƙofa a baƙin idon da leza, kuma ɗaya idon ma ana yi masa tun bai tashi ba domin ƙirarsu ɗaya. In suka ce za su taɓa mai lafiyar kar ku ƙi.

Tambaya: Ni ina sa tabarau tun ina yaro saboda bana ganin nesa. Kwana biyun nan ina ganin walƙiya a gefen ido ɗaya ko a duhu, da wasu baƙaƙen ɗigo da yawa suna yawo, yau kuma kamar an ja labule daga gefe. Ba zafi ko kaɗan. Abokina yace gajiyar waya ce, kuma ai ciwon ido sai haƙuri.

Amsa: Wannan haƙurin baya cikin wanda ake samun lada a kansa, ɗan uwa, ka tashi ka tafi. Ina kyautata zaton ratina ce ke ɓallewa, wato tantanin da ya shimfiɗu a bangon bayan ido wanda shi ke ɗaukar hoton abin da muke gani. Walƙiyar alama ce ana jan ta, ɗigon nan masu yawa alama ce ta yage, labulen kuma ruwa ne ya shiga ta yagewar yana ɗaga ta. Ba ciwo bane mai yawa, kusan mutum 1 cikin 10,000 a shekara, amma masu rashin ganin nesa sosai irinka da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido da waɗanda aka taɓa bugu a ido sun fi shiga haɗari. In an kama ta tun tana yagewa kawai, leza ta isa a ɗinke kewayen a zaune ka koma gida. In ta fara ɗagowa sai tiyata, kuma sakamakon ya dogara ne akan ko labulen ya kai tsakiyar gani ko bai kai ba, shi yasa kwana ɗaya ma yana da muhimmanci a nan.

Akwai ɗan uwan wannan da shi ma baya zafi, mutum yana zaune ido ɗaya ya ɗauke ɗif cikin daƙiƙoƙi. Wannan yawanci jijiyar da ke kai wa ratina jini ce ta toshe, kuma ciwo ɗaya ne da shanyewar ɓarin jiki, sai dai a ido ya faɗo. Ratina bata jure rashin jini, cikin 'yan awanni ta lalace. Masu hawan jini da ciwon suga da masu shan taba da masu ciwon zuciya su ne a gaba. Ko ganin ya ɗauke na minti biyar ya dawo kar a ce alhamdulillahi ya wuce a zauna, gargaɗi ne, a je emajensi ranar a duba zuciya da jijiyoyin wuya domin na gaba zai iya zama a ƙwaƙwalwa. Wanda ya haura 50 kuma yana fama da sabon ciwon kai a gefen goshi da gajiyar muƙamuƙi in yana tauna, ya faɗa wa likita, akwai kumburin jijiyoyi da ke iya cinye ido biyun cikin kwanaki in ba a fara magani ba.

Tambaya: Anti Likita ko Malam Likita ban sani ba, ni dai ina sa kwantak na kwalliya, na kwana da shi sau biyu, yanzu ido ɗaya na zafi bana son haske kuma akwai ɗan farin ɗigo a baƙin idon. Na sayi maganin ɗigawa a kemis jan ya ragu amma ganin ya ƙara dishewa.

Amsa: Ƙanwata cire kwantak ɗin, ki daina wannan maganin, ki tafi da su duka asibiti har da ɗan akwatin da kike ajiye shi. Farin ɗigon nan gyambo ne a koniya. Akwai ƙwayar cuta da ke son masu kwantak wadda ke iya huda koniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, akwai kuma wata da ke zaune a ruwan famfo mai wahalar magani, shi yasa ba a wanke kwantak da ruwan famfo, ba a wanka ko iyo dashi, ba a kwana dashi, ba a aron na ƙawa. Maganin da kika saya ki duba jikinsa, in kinga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone to sitiroyid ne. Yana ɗauke ja da zafi sai mutum ya zaci sauƙi ne, alhali ya kwance wa ido garkuwarsa ƙwayar cutar na ci gaba da ci. Wallahi yawancin idanun da suka fi bani tausayi ba ciwon farko ne ya kashe su ba, abin da aka zuba musu ne kafin a zo, ko sitiroyid ko ruwan ganye ko nono ko fitsari. Manomi ma da ganye ko kara ya karce masa ido, in bayan kwana biyu zafin na ƙaruwa ya zo, domin irin wannan karcewar kan shigar da ƙwayar cuta dangin naman gwari kuma sitiroyid na ƙara masa ƙarfi. A asibiti za a ɗan kankari gyambon a gwada, a baki maganin da zaki riƙa ɗigawa kowace awa har cikin dare a kwanakin farko, ki daure ki bi shi yadda aka ce.

Tambaya: Likita na haihu kwana 4 da suka wuce, idon jaririyar ya kumbura duka biyun, kwantsa mai kauri ruwan ɗorawa tana ta fita ina gogewa tana dawowa.

Amsa: Barka da arziki maijego, amma ki bar komai ki kai ta asibiti yau. Kwantsa mai yawa haka da kumburi a kwana 2 zuwa 5 na haihuwa, abin da muke fara zargi shi ne ƙwayar ciwon sanyi da jariri ke ɗauka a hanyar haihuwa, kuma uwa kan iya ɗauke da ita bata da wata alama. Tana cikin 'yan ƙwayoyin cutar da ke iya huda lafiyayyar koniya, cikin kwanaki kaɗan. Akwai wata mai suna kilamidiya da ke fitowa a makare, kwana 5 zuwa 14, ita kuma har huhu takan taɓa. Wannan ciwon ya makantar da jarirai masu ɗimbin yawa a da, har wani likitan haihuwa a Jamus mai suna Carl Credé ya fito da ɗiga wa kowane jariri magani a ido da zarar an haife shi, ya wallafa hakan a 1881, kuma har yau ana sa wa jarirai man ido a ɗakin haihuwa a ƙasashe da dama saboda wannan. Maganin ɗigawa kaɗai bai isa ba, allura ake mata, kilamidiya kuma maganin sha, ana wanke idon akai-akai. Ke da maigidanki ma sai an duba ku an baku magani tare, ki faɗa masa cikin natsuwa ba don neman mai laifi ba. Kafin ki isa ki riƙa gogewa da auduga mai tsabta da tafasasshen ruwan da ya huce, kowane ido da audugarsa, ki wanke hannu kafin da bayan, kuma kar ki ɗiga mata komai.

Sauran tambayoyin akan yara masu farin abu a tsakiyar ido da masu kumburin ido da zazzaɓi za su zo a fitowa ta gaba insha Allah, amma iyayen da suka turo su kar ku jira amsata, duka biyun na ganin likitan ido ne cikin gaggawa, na kumburi da zazzaɓin ma a yau.